Sista Kalsum da Ƙafar Surukinta

A Agege aka haifi Kalsum, a wani gida mai ɗakuna jere da ke bayan kasuwar goro. Mahaifinta bafatake ne daga ƙasar Kano, ya zo sarin goro ya zauna. Ta tashi da harshe biyu a baki, Hausa a cikin gida, Yarabanci da zarar ta taka bakin ƙofa. Tun tana ƙarama ba ta da yawan magana. Idan aka aike ta sai ta je ta dawo ta faɗi abin da aka ce, ba ragi ba ƙari, shi ya sa matan gidan suke rububinta.

Shekarar da aka sami mulkin kai ta shiga makarantar koyon aikin jinya. An yi surutu a unguwa, wasu suka ce ɗiyar Musulmi za ta je tana taɓa jikin maza. Mahaifinta bai tanka wa kowa ba, ya saya mata akwatin ƙarfe da fitila ya raka ta tasha. Da ta gama sai ta kama aiki a babban asibiti, ta ga shekarun yaƙi, lokacin da ake shimfiɗa masu rauni har a baranda. Can ta koyi wanke ciwo ba tare da fuskarta ta nuna abin da hancinta ya ji ba. A tsakanin nan ta auri Ja'afaru, direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga tashar Iddo zuwa Arewa, mutum mai fara'a wanda zamansa a hanya ya fi zamansa a gida.

Bayan naira ta shigo, kuɗin mai ya fara jujjuya Ikko, ana rushe gidaje ana shimfiɗa tituna, sai aka tura ta gidan tsofaffi da ke hanyar Iyana Ipaja a matsayin mataimakiyar shugaba. Tsohon sito ne na ajiye ƴaƴan koko aka gyara aka yanka shi ɗakuna. Akwai Yarabawa a ciki, akwai mutanen gabas da yaƙi ya raba da danginsu, akwai kuma Hausawa: tsofaffin mahauta da ƴan dako da masu koro shanu, waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu suna cewa baɗi za su koma gida, har gemu ya yi fari. Hausawan Agege ba sa son a ambaci gidan. Abin kunya ne a ce tsohonka yana can.

Shugabar gidan, Madam Adunni, ita ke fama da hukuma da ƴan kwangilar abinci da famfon da ba ya kawo ruwa. Duk abin da ya shafi jikin tsofaffin kuwa, magani da allura da wanka da rabon aiki tsakanin ƙananan nas, yana wuyan Kalsum. Ta hana a miƙa aiki a ofis, ta ce mai tashi da mai kamawa su tsaya a bakin gadon kowane tsoho su dube shi tare. Gidan ba shi da agogon kirki, don haka ta ce kiran salla na masallacin da ke tsallaken titi shi ne agogonsu: da an kira, a juya duk wanda ba ya iya juyawa da kansa, a sake juya shi a tsakanin kira da kira. Ƴan matan da ke zuwa coci ma sun iya wannan lissafi. Ba ta yi wa yarinya faɗa a gaban majinyaci. Idan ta ga an naɗa bandeji ba daidai ba, sai ta tsaya kusa ta warware a hankali, ta ɗora hannunta a kan na yarinyar su naɗa tare. Kafin shekara ta zagayo, gyambon kwanciya ya yi wuyar gani a gidan.

Gado ɗaya ne kawai ba ta tsayawa a kansa, na Baba Ɗanliti.

Bagobiri ne, dogo, da zanen fuska tun daga gefen baki har kunne. Da ƙafa ya riƙa koro shanu daga ƙasar Sakkwato, ya haye Kwara a Jebba, ya bi ta Ilori har kara, kasuwar shanun Agege, ya juya ya sake. Allah bai ba shi haihuwa ba. A kara ya tsinci Ja'afaru yana maraya, ya riƙe shi, ya kai shi koyon mota, shi ya nema masa auren Kalsum, shi ya zauna a mazaunin uba ranar ɗaurin aure. Da titi ya cinye ɗakinsa, Ja'afaru ya yi roƙon duniya ya dawo wajensu, tsohon ya ce ba zai haɗa tsakar gida da ban ɗaki da matar ɗansa ba. Ya ɗauki buzunsa da butarsa ya kai kansa gidan tsofaffi. Bai daɗe ba sai ga surukar da ya guje wa an kawo ta cikin fararen kaya.

Suka ci gaba da kunyarsu kamar yadda aka saba. Kullum da safe takan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, idonta a ƙasa, ta gaishe shi. Shi kuma ya juya fuska bango ya amsa. Ba ta kama sunansa. Ko ranar Litinin, wadda aka sa masa suna saboda ita, ba ta faɗa, sai ta ce washegarin Lahadi, har ƴan matan gidan suka ɗauka suna tsokanar juna da shi. In yana cin abinci ya ji takunta, sai ya rufe kwanon.

Wannan bai dami kowa ba, domin Madam Adunni ce ke kula da shi da kanta. Yana da ciwon sukari, ita ke masa allura, ita ke duba ƙafafunsa. Tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Madam ta taso a Sabo, unguwar Hausawa, ta san wannan sarai.

"Bawana, miƙo hannu," za ta ce.

"Wa ya ƴanta ki har kike ba da umarni? Da ƙoƙon gero kakana ya sayi kakarki, ya dawo yana kukan an cuce shi."

"Mai fuskar da kyanwa ta yakushe. Miƙo, ina da aiki."

Sai ya miƙa, ya kuma miƙa ƙafa. Wanka kuwa wani ma'aikaci namiji, Iliyasu, shi ke taimaka masa.

Ana shiga damina aka tura Madam kwas na wasu watanni a Ibadan. Iliyasu kuma ya ajiye aiki ya tafi tashar jiragen ruwa, inda jiragen siminti suka yi layi a teku ana neman hannu. Riƙon gidan gaba ɗaya ya dawo kan Kalsum. Ta ba wata ƙaramar nas, Mariamu, ƴar ƙasar Jos mai jin Hausa, kula da tsohon. Hannu dai yana ba ta a yi allura. Ƙafa kuwa ya ce a'a: ya sa huffi, safar fatar nan, a kan alwala, malamai sun halatta masa shafa a kai, in ya cire sai ya sake wanke ƙafa cikin wannan sanyi. Mariamu ta kawo maganar. Kalsum ta san gaskiya ne an halatta, ta kuma ji wani sauƙi a ranta da ba ta tsaya ta bincika ba. Ta ce a ƙyale shi. Da wani tsoho ne da ta je da kanta ta zare huffin tana masa hira.

Wata safiya ta durƙusa gaisuwa kamar kullum. Da yake idonta ba ya wuce ƙasa, sai ya sauka a kan ƙafafunsa. Huffin hagu yana nan yadda yake. Na dama ya cika ya yi tam, ɗinkin gefe ya fara buɗewa, bakinsa ya yi duhu da danshi, ƙudaje suna tashi suna komawa. Iska ta kaɗo daga taga, ta ji warin da ta sani.

Ta ƙarasa gaisuwar da murya daidai, ta tashi ta tafi bayan ɗakin magani ta tsaya. Ƙafar mai ciwon sukari ba ta faɗa wa mai ita tana mutuwa. Daga yatsa take farawa ta yi sama, kuma inda ta kai nan wuƙar likita za ta bi. Ja'afaru yana wajen Gusau da kaya, babu yadda za a same shi. Madam tana Ibadan. Babu wanda za ta miƙa wa wannan, ita ce babba a gidan, kuma ita ce wadda tsohon zai gwammace ƙafar ta ruɓe da ya buɗe ta a gabanta.

Ta wanke hannu ta nufi ɓangaren mata, wajen Iya Sikira. Tsohuwar Bayarabiya ce da ta yi rayuwarta tana sayar da abinci a kara, Hausarta ta mahauta ce, ba ta da birki. Kalsum ta durƙusa ta yi mata bayani da Yarabanci.

"Wannan tsohon bawan nawa?" Iya Sikira ta ce. "Tun yana da haƙora nake zaginsa. Ɗauko mini sandata."

Kalsum ta sa Mariamu ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar bango, ta gicciye ƙarshen gadon, suka rataya zani mai kauri har ƙasa. Ta zauna a kan ƴar kujera ta wannan gefe da tasar ruwan gishiri da almakashi da auduga. Iya Sikira ta zauna a bakin gadon ta wancan gefe, inda take ganin su duka biyun.

"Me ake rataya mini kamar ɗakin amarya?" tsohon ya tambaya.

Iya Sikira ta ce, "Amaryar ce ta zo. Turo ƙafarka ta ƙarƙashin zanin nan."

"Ina da alwala."

"Alwalar da ƙuda ke bi? Ni da nake ɗakin mata na ji warinka. Na ɗauka abbatuwa ce ta matso kusa."

"Warin manjan da kika sha ne ya dawo miki."

"Turo, ko in kira mazan ɗakin nan su zo su ga Bagobiri yana tsoron almakashi."

Da ya sake magana, muryarsa ta sauka. "Wa ke bayan zanin?"

"Ma'aikaciyar gwamnati ce. Ba ta da fuska, hannu kawai gare ta."

Ya san ko wace ce, su ma sun san ya sani. Can sai zanin ya motsa, ƙafar ta fito a hankali. Kalsum ta tallafe diddigen a tafin hannunta. Bai taɓa jin hannunta ba, ita ma ba ta taɓa taɓa shi ba, ta ji yadda ƙafar ta ƙage sannan ta saki. Huffin ya ƙi zaruwa, sai da ta bi ɗinkin da almakashi ta buɗe shi kamar ɓawon rogo. Mariamu ta kau da kai. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi sun bushe, ƙarƙashinsu akwai rami mai mugunya inda wata ƙusa ko ƙaya ta shiga bai ji ba, ja kuma ya fara hawa bayan ƙafar. Ta danna sama da idon sawu, ta sami jijiya tana bugawa, ba ƙarfi amma tana bugawa.

"Iya, a tambayi Baba ko yana jin nan."

"An ce kana jin nan?"

"Gaya mata ina ji."

"Nan fa?"

"Gaya mata ban san an taɓa ba."

Ta wanke, ta matse, ta naɗe. Ba ta jira ranar zuwan likita ba. Ta bar wa Mariamu gidan, ta yafa mayafi a kan fararen kayanta, ta shiga danfo, motar haya, cikin yayyafi ta je asibiti ta tsaya a ƙofar ɗakin likitan har ya sallami mutanen da ke gabansa. Da la'asar suka dawo tare. Ya duba ƙafar, ya fito baranda ya ce mata yatsun biyu sun mutu, in an kai shi gobe su kaɗai zai cire, watakila ƙafar ta tsira. In aka yi jinkiri, sai dai daga ƙasan gwiwa.

"Sista, ya kamata a ce an ga wannan tuntuni," ya ce.

"Haka ne, likita," ta ce.

Bayan ya tafi suka koma mazauninsu, ita a bayan zani, Iya Sikira a bakin gado. Aka gaya wa tsohon. Ya ce ba ya zuwa.

"Gaya mata da ƙafar nan na zo Ikko, da ita za a sa ni a rami. Ba a rage ni."

"Yatsu biyu ne, uban taurin kai. Me kake yi da su, kaɗa garaya?"

"Na zauna kusa da abbatuwa, na san inda ake zubar da abin da aka yanke. Ba za a jefa naman jikina a kwandon shara karnuka su ja ba. Ranar tashi in ce wa Ubangijina me?"

Iya Sikira ta daina tsokana. Wannan ba wurin wasa ba ne, ta kuma sani. Ta dubi Kalsum ta ce da Yarabanci, ƙasa-ƙasa, ita kam iyakarta ke nan.

Kalsum ta dubi zanin da ke gabanta. Tun ranar da aka kai ta gidan Ja'afaru ba ta taɓa gaya wa mutumin nan wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Ta ajiye audugar da ke hannunta.

"Baba," ta ce, "ni ce."

Gadon ya yi ƙara, alamar ya juya fuska bango, ko da yake akwai zani a tsakaninsu.

"Ba za a jefar ba. Ni zan shiga ɗakin da za a yi aikin, ni zan karɓa da hannuna. Zan wanke, in naɗe a farin ƙyalle, in kai wa liman a binne a maƙabartarmu, a nuna maka wurin. In ka ƙi zuwa gobe, abin da za a binne ya fi yatsu, kuma ba za ka sake taka ƙasa da ƙafa biyu ba. Na ga irinta da yawa. Laifin da ta kai haka nawa ne, kada ka ƙara mini da wani."

A tsallaken titi ladan yana gyara lasifika, tana ƙara tana ɗaukewa.

"Sikira," tsohon ya ce daga ƙarshe.

"Ina jin ka."

"Gaya mata ƙyallen ya zama sabo. Kada a yago mini daga tsumman asibiti."

Da safe motar asibiti ta zo. Kalsum ta riga ta aika kasuwa an yanko farin alawayyo. Ma'aikatan ɗakin tiyata sun yi mamakin abin da ta roƙa, babbarsu ta ce ba a saba ba, Kalsum ta tsaya tana maimaita roƙonta da ladabi har aka gaji aka ba ta. Ta cika alkawari a ranar, liman ya sa aka haƙa ƴar rami a gefen maƙabarta, ya kafa dutse don a gane.

Sauran aikin mai tsawo ne, kuma ba shi da daɗin labari. Safe da yamma zani yana rataye, ƙafa tana fitowa, tana wankewa tana cire mataccen nama kaɗan kaɗan, tana auna jan da ke bayan ƙafar ko ya ja baya. Akwai makon da zazzaɓi ya rufe shi, likita ya fara maganar gwiwa kuma, ta ƙara yawan wankin, ta zauna a kan abincinsa da allurarsa da kanta. Iya Sikira ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya, ta ce ba za ta bar dukiyarta ta lalace ba. A cikin wannan lokaci Kalsum ta kafa doka a gidan: kowace safiya a buɗe ƙafar kowane tsoho a duba har tsakanin yatsu, mai huffi da mai safa da mai jin kunya, ita kuma za ta bi bayan ƴan matan ta sake dubawa, ba gadon da za ta tsallake. Ta koya wa ƴan matan Yarabawa su daina tsorata idan tsohon ya kira su bayinsa, su rama. Ja'afaru ya dawo ya tarar an gama mai wuyar, ya zauna a baranda ya yi ta share ido da hularsa.

Wajen ƙarshen damina likita ya warware bandejin, ya danna naman da ya cike ramin, ja mai kyau, ya ce ƙafa ta zauna. Kalsum ta kai takalmin tsohon wajen baduku aka buɗe bakinsa aka shimfiɗa masa fata mai laushi a ciki.

Ranar Juma'ar da ta biyo, Baba Ɗanliti ya ce shi ba a masallacin tsallaken titi zai yi salla ba, babban masallaci zai je, daga can kuma a nuna masa dutsen nan. Ja'afaru ya ce zai samo tasi. Tsohon ya ce wanda ya tako daga Sakkwato ba a ɗaukar masa tasi zuwa cikin Agege. Ya sa babbar riga, ya karɓi sandarsa, ya sauko matakalar baranda ɗaya bayan ɗaya, Ja'afaru yana biye da shi da buzu a hammata.

Kalsum tana ɗakin magani tana jera kwalabe, ta hango su ta taga. Yana ɗan ɗingishi ta dama, amma diddigen yana sauka sosai, ƙafar tana ɗaukar nauyinsa. A bakin ƙofar gidan ya tsaya, bai waiwayo ba, ya yi magana da ƙarfi yadda za a ji har ciki.

"Ja'afaru, ka gaya wa mutanen gidanka takalmin ya yi daidai."

Sannan ya sa ƙafar dama a kan titi, ya bi sahun masu tafiya masallaci.